Maɓallin Revert na GitHub ya raba mu da faɗa

Wallahi ina so in yaba wa wannan ɗan maɓallin Revert, na janye gyara, da GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu suna yi tare, suka kawo tun 2014, don ni dai ya taimake ni ba kaɗan ba. Muna da wata ƙaramar manhaja ta kyauta da kowa ke sa hannu, wani ɗan'uwa ya turo gyara aka haɗe shi cikin manhajar da daddare, gari na wayewa shafin shiga ya ƙi buɗuwa sam, sai ga mutane a gurup suna ta ƙorafi. Na danna Revert, sai ya buɗe min sabuwar buƙatar haɗewa (wato neman a duba canji kafin a shigar da shi cikin manhajar) wadda ke warware aikin nasa, ba goge tarihi ba, aikinsa na nan da sunansa kowa na gani.

Nan ne abin ya burge ni. Ɗan'uwan ya ji haushi sosai, ya rubuto "Malam ai da ka fara tambayata", kuma gaskiya yana da hujja, amma da yake warwarewar a fili take sai muka yi maganar a ƙarƙashinta, na manna masa hoton kuskuren, wasu biyu suka duba suka amince kafin a haɗe. Ko Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, babbar manhajar nan ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta, ƙa'idarsa kenan a can, gyaran da ya karya wa masu amfani aiki a janye shi tukuna.

Abu ɗaya sai an kula, in za a dawo da aikin daga baya sai ka warware warwarewar kanta, in ba haka ba Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyaren, zai ɗauka an riga an haɗe shi. Mu bayan kwana 3 muka yi hakan, ya gyara muka haɗe.