Zanen harafi da hannu ko a bugo a kwamfuta, wanne ya fi?

Salamu alaikum Malama, na ga tambayarki, kin ce kina son ki ƙawata tablon bangon ajinku da haruffan takarda masu launi saboda bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, amma kin rasa wanne za ki bi, ki zana da hannu ki yanke ko ki je a bugo miki. Ni duka biyun na yi su, to ga abin da na gani.

Na hannu dai ba ya cin kuɗi, takardar biristol (mai kaurin nan), kireyon (fensir), abin ja layi da almakashi, shi ke nan, kuma duk za ki samu wajen masu kayan lakkol a kasuwar Dole ta Damagaram. Biristol ɗin nan babba santimita 50 ne da 65, ki fara yanka ta tsiri-tsiri masu tsayi ɗaya, a ce santimita 12, sannan ki raba kowane tsiri gida-gida, kowane gida harafi ɗaya, ta haka ba wanda zai fi wani tsawo. A, H, M, O, T, U sai ki ninka takardar biyu ki zana rabi ki yanke, in kin buɗe ya fito cif. Amma S da R da G, wallahi nan ake shan wuya, ba sa ninkuwa, in hannunki bai saba ba za ki ga wani ya yi ciki wani ya rame kuma tun daga bakin ƙofa ido zai kama shi.

Na kwamfuta shi kuma sai kin fita, sai kin biya, sai kuma an yi sa'a akwai wuta. Amma haruffan duk uwa ɗaya uba ɗaya suke fitowa. Ki ce a sa miki rubutu mai kauri kamar Arial Black, harafi ɗaya ko biyu a kan A4, kuma zagayen kawai za a buga kar a cika cikin da baƙi, asarar tawada ce. Wannan takardar ta fotokopi ba ita za ki manna ba fa, gram 80 ce, ta yi laushi, samfur kawai za ki yi da ita. Ki yanke, ki kifa shi a bayan biristol ki bi gefen da kireyon, don zanen ya tsaya a baya gaban ya fito fes. Kifawar nan kar ki manta da ita dan Allah, ni ranar farko ban kifa ba, sai da na gama yanka goma sha wani abu na juyo na ga N da R duk sun ba ni baya, takarda ruwan lemu guda ta tafi a banza ga shi magariba ta yi.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa, Ɓ Ɗ Ƙ da Ƴ, ba kowane salon rubutu ne ke da su a kwamfuta ba, wani sai ya fito miki da ɗan akwati. In haka ta faru a buga K ko D ɗin kawai ki ƙara ƙugiyar da hannunki kafin ki yanke. Kar ki bar ta, yara abin da suka gani a bango shi suke kwafa.

To ni a nawa ganin, in kalma biyu ko uku ce kamar 18 DISAMBA 1958, yi da hannu, har manyan ajin su taya ki. In kuwa jimla ce doguwa, ko taken ƙasa za ki sa, Zumunci, Aiki, Ci gaba, je ki a bugo, samfur ɗin ma ki adana a ambulan zai yi miki shekaru.

Ko wanne kika bi, manni shi ne ke kunyata mutum a garin nan. Disamba hunturu ne, iska a bushe ga ƙura, kol (wato gam) ɗin sanda kwana kaɗan bakin haruffan ya fara naɗewa. Farar kol ta ruwa ta fi riƙo amma ki shafa kaɗan-kaɗan har gefe, in ta yi yawa takardar tattarewa take. Ƙaro jiƙaƙƙe ma yana yi. Ki goge ƙurar tablon tukuna, ki ja zare daga wannan gefe zuwa wancan, ki jera haruffan duka ki koma ƙarshen aji ki duba kafin ki manna ko ɗaya. Kuma tunda launin tuta za ki yi, ruwan lemu, fari da tsanwa, farin ba zai fito a kan farin bango ba, sai kin shimfiɗa masa takarda mai duhu a ƙasa. Allah ya ba da sa'a Malama.