Jami'ar baƙar fata ko ta gama-gari: wacce za ka zaɓa a Amurka?

Ɗalibi baƙar fata da zai shiga jami'a a Amurka, kafin ya duba kuɗi da kwas, sai ya tambayi kansa: a cikin su wa zan zauna shekara 4?

Akwai makarantu wajen 100 da aka kafa domin baƙar fata tun zamanin da fararen jami'o'i suke rufe musu ƙofa, ana kiransu HBCU. Howard ta birnin Washington an kafa ta a 1867, kuma can Kamala Harris ta yi karatu. A Atlanta akwai Morehouse ta maza, inda Martin Luther King ya gama a 1948, da Spelman ta mata. Lincoln ta jihar Pennsylvania ita ta yaye Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah. A irin waɗannan makarantu ba ka zama kai kaɗai ne baƙar fata a aji, ba mai kallonka a matsayin wakilin jinsinka duka, malamai da yawa kuma sun san halin da ka fito. Wannan kwanciyar hankalin ba ƙaramin abu ba ne, a ganina shi ke hana ɗalibi karaya a shekarar farko. Mai son injiniya ya duba North Carolina A&T, mai burin likitanci ya duba Xavier ta Louisiana.

Raunin makarantun HBCU kuɗi ne. Asusun ajiyar Harvard ya haura dala biliyan 50, na Howard bai kai ko kusa ba, don haka tallafin karatu da kayan bincike sun fi yawa a manyan jami'o'in gama-gari. Sai dai tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023, an hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, adadin baƙar fata ya ragu a wasunsu.

Akwai kuma na tsaka-tsaki, irin Georgia State, wadda ba HBCU ba ce amma cike take da ɗalibai baƙar fata.

Hoton talla ba hujja ba ne. Nemi adadin ɗalibai baƙar fata da suka kammala cikin shekara 6, da abin da za ka biya bayan an cire tallafi. Ɗan Afirka ya ƙara da tambaya ko akwai ƙungiyar ɗaliban Afirka da wurin ibada kusa, domin zama da Ba'amurke baƙar fata ma sai an koya.