Gidan abinci: ka sayi sunan kamfani ko ka kafa naka?

Ana yawan tambayata: "Malam, in biya in buɗe reshe da sunan kamfani irin Mr Bigg's, ko in kafa nawa?"

Ta fuskar kuɗi, sayen suna ya fi tsada nesa ba kusa ba. Bayan kuɗin da za ka biya tun farko, yawanci kamfani na ɗibar kasonsa daga ciniki, ba daga riba ba. Nan ne mutane ba sa lura, kuma abin na damuna. Dizal na iya cinye ribar wata kaf, kason kamfani kuwa na nan daram. Naka fa? Rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), haya, tukwane, ka fara daidai ƙarfin aljihunka.

Sauƙi kam na wajen kamfani: za su horar da ma'aikata, jama'a kuma sun san sunan. Sai dai hannunka a ɗaure yake. Ko masu saye na neman masa da miyar taushe, ba ka isa ka ƙara ba sai da izini. Ranar da yarjejeniya ta ƙare kuma a sauke allon suna, alhali naka 'ya'yanka za su gada.

Kafin sa hannu, kai takardar wurin lauya, ka zauna da wanda ya riga ka saya ka ji ta bakinsa. In kamfanin na waje ne, a yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar gwamnatin Najeriya mai rajistar irin waɗannan yarjejeniyoyi da kamfanonin waje.

Mai jari mai kauri da bai san harkar ba, kamfani ya fi dacewa da shi. Wanda ya san ɗanɗanon unguwarsa kuma yake da haƙuri, ya kafa nasa.