Shagon da ya ƙi yanke mini farfela, ya haɗa mini sabuwa

Shekara biyu da rabi ke nan ina haɗa mota a garejin gidana da ke wajen Birmingham, a Ingila. Irin ƙaramar motar nan ce mai kujera biyu, mai kama da Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a 1957, wadda mutane da yawa a ƙasar nan suke ƙerawa da hannunsu. Kamar yawancinsu, kayan cikin tawa daga tsohuwar Ford Sierra na ciro su: giyabos mai giya biyar da ake kira Type 9, da aksil na baya. Shasi ni na yi waldarsa, don tun ina yaro nake shiga Panteka a Kaduna, a can hannuna ya saba da ƙarfe.

Da na zo kan farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksil na baya, niyyata in yi ta da kaina. Ta Sierra gida biyu ce, da boris a tsakiya, ta kuma fi abin da nake buƙata tsawo nesa ba kusa ba. Na ce in yanke, in cire abin da ya yi yawa, in haɗe da walda, an wuce wurin. Abin da ya tsayar da ni lissafi ne. Da tayar inci 13 da aksil mai 3.92 (farfela ta juya sau 3.92 kafin taya ta juya sau ɗaya), idan motar tana gudun mil 70 a awa, wato iyakar da doka ta yarda a babbar hanya a nan, farfelar tana juyawa fiye da sau 4,000 a minti ɗaya. A irin wannan mota kuwa, tana kwance ne a cikin wani siririn rami tsakanin kujerun biyu, tazararta da ƙuguna ba ta kai tafin hannu ba, kuma falle ɗaya na alminiyam ne ya raba mu. Ɗaya kujerar ɗana ne yake jiran ya zauna a kanta. Daga nan na ajiye abin yanka, na nemi shagon da sana'arsu ke nan.

Na je da tsohuwar farfelar a kafaɗa, na ce a rage mini ita. Dattijon da ke kula da wurin bai ce komai ba sai da ya damƙe ta, ya murɗa kuros ɗin gaba da na baya, wato gaɓoɓin da ke barin farfelar ta juya ko da a karkace take, ya miƙo mini ya ce in taɓa in ji. Akwai ɗan wasa a ciki, kaɗan ƙwarai, amma akwai. Ya nuna mini cewa kuros ɗin Sierra an danne su ne a mazauninsu tun daga masana'anta, ba a yi su don a riƙa cirewa ana sakewa ba. An daina ƙera motar tun 1993, saboda haka duk wadda za ka samu a bola ta haura shekara talatin. Ya ce zai iya yankewa, amma ba zai sa sunan shagonsa a kan bututun da bai san abin da tsatsa ta yi masa daga ciki ba. A lokacin raina bai so ba, na ɗauka hanyar ƙarin kuɗi ce. Da ya faɗi farashin, sai na ga bambancin bai taka kara ya karya ba: sabuwa gaba ɗaya, bututu guda da kuros masu shan giris, fam 185.

Inda suka fi burge ni shi ne wajen awo. Takarda suka ba ni mai zane, suka ce in auna daga bakin robar mai ta bayan giyabos zuwa fuskar farantin aksil, inji da aksil suna ɗaure a mazauninsu na ƙarshe. Na auna, na aika. Washegari sai ga waya: a sake aunawa, a kuma turo hoton farantin da tazarar ramukansa huɗu. Ashe kuwa na yi kuskuren milimita 8, domin ban gama ɗaure ƙafafun inji ba a karon farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bakin farfelar yana zamewa ne a cikin giyabos, dole a bar masa ɗan fili. In ta yi tsawo, za ta riƙa tokare giyabos duk sanda inji ya motsa. In ta yi gajarta, haƙoran ba za su kama sosai ba.

Ranar da na je ɗauka na roƙa a bar ni in leƙa ciki, suka yarda. Na ga yadda ake daidaita kunnuwan kuros na gaba da na baya su tsaya a layi ɗaya kafin walda. Dalilin shi ne kuros in yana aiki a karkace, gudunsa kan ƙaru ya ragu sau biyu a kowane zagaye, na bayan ne yake goge abin da na gaban ya yi, kuma ba zai goge ba sai suna layi ɗaya. Da ido kaɗai zan yi wannan a gida, na san da na kauce. Bayan walda aka ɗora ta a injin balans, aka juya ta, aka liƙa mata wasu ƙananan ƙarafa biyu. Wannan injin shi ne abin da duk iyawar mai walda ba za ta maye gurbinsa ba.

Akwai inda suka gaza. Kwana biyar suka ce, sai da aka yi goma sha biyu, kuma ni ne mai kira kullum, ba su taɓa kira sun ce an samu jinkiri ba. Ba su haɗo da kusoshin farantin aksil ba, ba su kuma faɗa mini tun farko ba, sai da na kwanta ƙarƙashin mota na gane. Na nemo masu lambar ƙarfi 10.9, na sa musu gam ɗin kulle noti. Wanda zai yi hulɗa da irin shagon nan ya tambayi maganar kusoshi tun ranar farko.

Kafin in fita dattijon ya ce kada in rufe ramin sai na kewaye farfelar da zoben ƙarfe mai kauri kusa da kowane kuros, don ko da wani abu ya balle, zoben ya riƙe ta. Na yi guda biyu, na ɗaure su a jikin shasi.

Na gwada motar a wani filin tsere da ake hayarsa, tunda ba ta da lamba tukuna. Har mil 80 ban ji girgiza a kujera ko a sandar giya ba. Da na dawo na duba bakin giyabos, babu ɗigon mai. Yanzu ranar gwajin IVA nake jira daga DVSA, hukumar duba lafiyar motoci, gwajin da sai motar ta ci shi za a ba ta izinin hawa titi.