Lab ɗin da na kai aikin nano na azurfa da ganyen darbejiya

'Yan kemistiri da maikurobayoloji masu furojet a kan ƙananan ƙwayoyin azurfa da ake kira nano, ga yadda na ga aikin wani lab mai zaman kansa, ba zan kama suna ba amma wallahi sun san hannunsu.

Aikin dai ka tafasa ganyen darbejiya ka tace, ka ɗiga ruwan cikin silba naitiret (narkakken gishirin azurfa) mai ƙarfin milimola ɗaya (1 mM), sinadaran ganyen su ne ke mayar da azurfar ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ba su kai nanomita 100 ba, kana tsaye za ka ga ruwan ya juye daga ɗorawa-ɗorawa ya koma ruwan ƙasa. Madam mai kula da wurin ta hana ni kusantar ruwan famfo, ta ce kulorayid ɗin ciki zai kama azurfar ya kwanta fari a ƙasan kwalba, kuma sai da aka naɗe kwalbar da foyil saboda haske. Safar hannu ma su suka ba ni don abin yana baƙanta fata. Injin UV ɗinsu mai auna hasken da samfur ke sha lafiya lau, tudun giraf ɗin ya fito tsakanin nanomita 400 da 450 inda ake sa ran ganin na azurfa.

Inda suka saye ni gaba ɗaya shi ne gwajin kashe ƙwayoyin cuta. E. coli da Staphylococcus aureus a kan agar na Mueller-Hinton (daskararren abincin da ake noma bakteriya a kai cikin faranti), digiri 37 na awa 24, amma ban da ramin da ake zuba nano a cikin agar ɗin, suka dage sai an huda ramin ruwan ganye shi kaɗai, da na silba naitiret ita kaɗai, da na maganin kashe bakteriya sifrofuloksasin, don a kwatanta. Mutane da yawa nano kawai suke zubawa su ga fili ya buɗe kewaye da ramin inda bakteriya ba ta tsiro ba su ce sun gano magani, alhali ita kanta silba naitiret ɗin tana kashe bakteriya, to in ba ka kwatanta ba me za ka faɗa wa sufabaiza ranar difens? Kuma sun ja min kunne cewa sakamakon faranti ba lasisin sha ba ne, azurfa in ta taru a jiki fata na komawa toka-toka kuma ba ta dawowa.

Matsalarsu a injinan maikuroskof na lantarki da ake ganin ƙwayoyin da su, ba su da TEM, SEM ɗin ma wani gari suke aikawa, na sha jira har raina ya ɓaci, ga kuɗin man janareta da ba a faɗa min tun farko ba. In za ka je ka sa su rubuta maka farashin komai a takarda kafin ka ajiye samfur.