Gargaɗi ga masu wasan kwamfuta a Jos: ku yi hattara da mai sayar da sabuntawa a filash

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya faru da ƙanina ne ya sa na rubuta wannan, don kada wani ya sake faɗawa.

Akwai wani saurayi da ke da ɗan teburi a wajen Terminus, yana kuma tallata kansa a WhatsApp. Cewa yake kowane wasa kake da shi zai sabunta maka ba tare da ka ƙona data ba, ka kawo filash kawai ka biya kuɗin wata. Duk wanda ya san yadda wasa ɗaya ke cinye gigabait 50 ko fiye, ga tsadar data, dole maganar ta shige shi. Ƙanina ya ba shi naira 8,000 don EA Sports FC, wanda har yanzu muke kira FIFA duk da an canza sunan tun 2023.

Da ya dawo gida ina zaune kusa da shi. Fayil ɗaya ne a filash ɗin, ga wata takarda da aka rubuta da biro: "Ka kashe Windows Defender kafin ka buɗe." A nan gabana ya faɗi, don Windows Defender ita ce manhajar da ke kare kwamfuta daga bairos, amma kafin in yi magana ya riga ya danna. Baƙar taga ta ɗan bayyana ta ɓace. Wasan bai canza ko kaɗan ba, 'yan ƙwallon nan dai na da. Daga daren fankar laftof ɗin ta fara ƙugi ko ba a taɓa ta ba, ƙasanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Bayan kwana uku aka ƙwace masa asusunsa na Steam (shagon wasannin kwamfuta na intanet) da Facebook ɗinsa, aka fara roƙon abokansa kuɗi da sunansa. Da ya koma wajen mutumin sai ya ce: "Ai kai ne ba ka iya sakawa ba, ƙaro dubu uku in gyara."

Abin da yake fakewa da shi yana da asali, shi ya sa ake yarda. Shagon GOG, mai sayar da wasannin kwamfuta a intanet, yana ba wanda ya sayi wasa damar sauke fayilolin girkawa ya ajiye, ya girka ba intanet, wasu wasannin ma da ƙananan fayilolin sabuntawa da ake kira faci. Amma daga asusunka kake saukewa, kuma dole facin ya dace da lambar sigar da ke kwamfutarka. Fayil ɗin yana ɗauke da sa hannun GOG, za ka gani idan ka duba bayanansa a Windows. Wasan EA FC ba ya GOG sam. Shi da wasannin Steam manhajarsu ce ke jawo sabuntawa ta intanet da asusunka. To me wannan bawan Allah yake zuba wa mutane a filash?

Ni dai abin da ya fi ƙona min rai shi ne yara ne kasuwarsa, masu tara kuɗin makaranta su kai masa.

In ka taɓa karɓa a wajensa, cire kwamfutar daga intanet yanzu. Yi amfani da wata waya ka canza kalmomin sirri, fara da imel, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In ka taɓa saka katin banki a kwamfutar, kira bankinka su rufe shi. Namu sai da aka goge komai aka sake sa Windows, wasan da ya yi wata shida yana ginawa ya tafi. Don Allah ku tura wa ƙannenku da masu gidajen gem na unguwarku.