Ƙwayar filanin ta yi aikinta, amma ta kusa ƙafar min da nono

'Yan uwa mata masu shayarwa, don Allah kafin ku karɓi ƙwayar tazarar haihuwa a kyamis ku juya katin ku duba rubutun baya. In kun ga sunan wani sinadari wai shi ethinylestradiol ku dakata tukuna.

Ita dai ƙwayar wajen aikinta ba ta da laifi. Mai katin nan ce da kowa ya sani, ƙwaya 21 sai masu ruwan ƙasa 7, kuɗinta ma kun san ba wani abu ba ne. Na sha ta bayan na yaye babban yarona, al'ada ta dawo kan lokaci, ciwon marar da ke kwantar da ni duk wata ya yi sauƙi, tashin zuciya ne kawai da farko, shi ma da na koma shanta da daddare ya wuce. Shi ya sa da na haifi 'ya ta biyun muka yi shawara da maigida, na shiga kyamis a nan unguwarmu wajen Bauchi Road da goyon wata uku a bayana, yaron shagon yana kallon jaririyar nan da idonsa amma abin da ya tambaye ni kawai shi ne, Hajiya kati nawa? Ko takardar cikin kwalin bai ba ni ba.

Ba a jima ba nono ya fara ja baya. Yarinya ta kama ta saki ta tsala kuka, dare ba barci, Mama surukata ta ce rashin cin abinci ne, aka dinga ɗura min kunun kanwa da kunun gyaɗa har na fara gudun kofi, wata maƙwabciya kuma ta ce sanyin Jos ne. Sai da muka je rigakafi nas ta ɗora ta a sikeli ta ga nauyi bai tafi yadda ake so ba, ta ce Maman beibi kina shan wani magani? Na ciro katin daga jaka, ta duba baya, ta ɗago ta kalle ni ta ce wa ya ba ki wannan kina shayarwa?

Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan, duk da layin da ke waje ta zaunar da ni. Ta ce sinadari biyu ne a ciki, levonorgestrel 0.15mg da ethinylestradiol 0.03mg. Na biyun estrogen ne na haɗi, kwaikwayon wanda jikin mace ke yi da kansa, an ɗan canza shi ne don kar hanta ta yi saurin rushe shi in an haɗiya. Su biyun ke hana ƙwai fita, masu ruwan ƙasan kuwa maganin ƙarin jini ne kawai. To estrogen ɗin nan yana iya rage ruwan nono, shi ya sa a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya mai shayarwa ba ta shan irin wannan kafin sati 6 da haihuwa sam, daga nan zuwa wata 6 ma an fi so ta nemi wata hanya. Ta auna min jini, ta tambaye ni ko ina ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido, ko jini ya taɓa daskare min a jijiyar ƙafa, ta ce masu waɗannan da mai hawan jini da mai shan taba da ta kai shekara 35 duk ba nasu ba ce. Har maganin tarin TB, rifampicin, da wasu na farfaɗiya suna kashe mata ƙarfi.

Ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna a Jami'ar Jos ta so ta kare ƙwayar, wai Yaya ai tsohon sinadari ne sananne, tun 1938 aka haɗa shi a Jamus, kuma ƙwayar farko da aka amince da ita a Amurka a 1960 estrogen ɗinta mestranol har maikurogiram 150, ta yanzu 30 ce kacal, wato 0.03mg ɗin nan. Na ce na ji, amma 30 ɗin ce ta sa 'yata kwana da yunwa.

Yanzu an canza min zuwa wadda ba estrogen, nono ya dawo a hankali alhamdulillah. Sai dai ita ma da nata, lokaci ɗaya take so kullum, in ka wuce awa 3 sai an haɗa da wata kariya na kwana biyu, ga ɗigon jini da ke rikita min lissafin sallah. Da farko na rantse ni da waccan har abada, yanzu kam ina ganin in na yaye zan koma mata, amma a asibiti zan karɓa bayan an auna ni. Yaron kyamis ɗin kuwa da na koma na gaya masa, cewa ya yi ai ban ce masa ina shayarwa ba. Da goyo a bayana fa!